Yadda Na Buɗe Rumbun Baba Mati

Kwanakin baya wasu samari uku suka yi sallama a zaurena nan Makarfi, kowanne da littafi a hammata, suka ce sun zo in koya musu waƙa. Na tambaye su kwana nawa suka ware wa abin. Babbansu ya ce hutun makaranta mako biyu ne, amma ɗaya makon akwai biki a gidansu. Na ce to madalla, mako guda ya isa mutum ya koyi feƙe alƙalami, in yana da kai. Suka yi dariya, sun ɗauka wasa nake yi. Su da ire-irensu nake rubuta wa wannan, tunda na lura yaran yanzu sun fi yarda da abin da suka gani a takarda.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne dafa tawada. Kawuna Malam Habu na Hunkuyi, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina shekara bakwai, kuma shi ya koya mini. Ana jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, a tace, a sa ƙaro, a ɗora a wuta. In ƙaro ya yi yawa takardu su manne da juna cikin gafaka, in ya yi kaɗan rubutu ya bi gumin hannunka. Shekara biyu ina wannan da feƙe alƙaluman gamba kafin Kawu ya yarda in taɓa takarda. Da ya yarda ɗin ma ba waƙata na rubuta ba, tasa na dinga kwafa da ajami, waƙa ɗaya sau talatin, sau arba'in, don a lokacin ba mu fara kai wa masu ɗab'i a Zariya ba. In na tsallake wasali ɗaya ba ya duka, ba ya faɗa. Sai ya miƙo mini farar takarda ya ce, "Sake." Na fi son a doke ni.

Kari kuwa, wato ma'aunin da ɗango ke tafiya a kansa, da ƙafa Kawu yake gwada shi. Yakan tashi daga bakin zaure zuwa gindin durumi yana rerawa ƙasa-ƙasa, in ƙafarsa ta sauka kalma ba ta sauka ba, ɗangon ya gurgunce ke nan. Maƙwabta sun daɗe suna zaton ciwon baya yake motsawa.

Da na kama kaina na dawo Makarfi da zama, ana gab da karɓar mulki daga hannun Turawa, kuma kasuwar waƙa ba ta taɓa ci kamar lokacin ba. 'Yan siyasa su zo, malamin gona ya zo yana son baiti ashirin a kan takin zamani, duba-gari ya zo yana son a tsorata mutane su rufe rijiya. Na taɓa yi wa jam'iyya biyu waƙa da kari ɗaya a mako ɗaya, kowacce ta aiko a gaya mini tata ta fi. Amma duk waɗannan masu biya ne kawai. Wanda waƙa ke rayuwa a bakinsa shi ne makaho. Nawa sunansa Ɗanjuma, mutumin Kudan. In na gama waƙa sai in karanta masa sau uku, ya tashi da ita a ka, ya bi kasuwanni da ita daga Makarfi zuwa Ikara, daga Ikara zuwa Hunkuyi, har wajen masu matsar rake a fadama. Mutane su ji a bakinsa, sannan su zo su sayi takardar a wurina. In Ɗanjuma ya ce, "Malam, akwai tsakuwa a baiti na tara," ba na gardama, komawa nake yi in tsince.

Samarin nan sun tambaye ni inda nake samo mutanen da ke cikin waƙoƙina, ko ƙago su nake yi. Kawu bai yarda da ƙagaggen mutum ba. Yakan ce wanda ka ƙago ba ya tari, ba ya susa, ba ya da yadda yake ɗaura hula, saboda haka ba wanda zai tsaya a rana ya saurare shi. Ka ɗauko wanda ka sani. Kuma a cewarsa ba ka san kowa ba kamar waɗanda ka sani kafin ka kai shekara goma, don yaro ba ya da aikin yi sai kallo. Ya kafa mini sharaɗi huɗu. Ka canza masa suna, ka canza masa gari, ka canza masa sana'a. Na huɗu, kafin ka ba makaho, ka nemi tsoho ko tsohuwa daga garin da ka ɗauko mutumin, ka karanta masa, ka kalli fuskarsa. Na ukun farko ba su da wuya. Na huɗun ne ke cin takalmi.

Duk mutanena daga Paki na kwaso su, garin da aka haife ni. Waƙar da na yi wa duba-gari a kan aska mai tsatsa, wanzamin cikinta Barau ne na unguwarmu, wanda in ya kama ba ka labari sai ya manta da kanka, in aka kira salla ya bar ka da rabin aski ya ce ba gudu za ka yi ba. Na mai da shi mahauci a wani baiti, na mai da shi mutumin Kudan, na kai wa wata goggona 'yar Paki da ke zaune a Furana ta saurara. Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce Allah ya ji ƙan Barau, shi ma da zai ji da ya yi dariya. Na san waƙar ta fita lafiya. Haka na yi da Tabawa mai daddawa da ke kai ƙarar kishin maƙwabta wurin kajinta, haka na yi da ladanin da ke tsayawa tsakiyar kiran salla ya kori akuya. Shekara shida ina cin abinci da mutanen Paki, ba wanda ya ce na ci masa mutunci.

Akwai mutum ɗaya da na ajiye ban taɓa ba, don ba na dariya ba ne. Shekarar da fara ta cinye amfanin gona, ina ɗan shekara bakwai, mahaifina Tanko ya kama hannuna muka tafi gidan wani maƙwabcinmu, Baba Mati. Kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidanmu ba. Baba Mati yana da wani dogon rumbu a bayan gidansa, kowa ya san cike yake da dawa. Muka same shi zaune a kan tsanin rumbun, sanda a kan cinyarsa. Mahaifina, mutumin da ban taɓa ganin ya sunkuya wa kowa ba sai a salla, ya durƙusa a ƙasa. Ya roƙa, ya haɗa shi da Allah, ya tura ni gaba ya ce ya dubi yaron nan. Baba Mati ya dube ni. Ya gyara murya sau uku, ya juya ya dubi gabas, ya ce, "Sai an yi ruwa." Muka koma gida hannu wofi. Bayan kwana kaɗan aka kai ni Hunkuyi wurin Kawu don a rage baki, daga nan Paki ta zama wurin zuwa salla da gaisuwar mutuwa. Mahaifina har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ranar ba, ni ma ban tayar ba. Na tsani mutumin nan shekara talatin, kuma ban ɓoye wa kaina ba.

Aikin da ya sa na ɗauko shi, Ladi mai tuwo ce ta kawo. 'Yan shekaru ne bayan mulkin kai, damina ta ɗauke da wuri, ana gama kaka hatsi ya fara tashi. Ladi ita ce babbar masu tuwon sayarwa a kasuwar Makarfi, mace mai murya. Ta tsaya a ƙofar zaure, muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Malam, masu ɓoye hatsi za su kashe mu. Sun kulle rumbuna suna jiran bazara. Ka yi mana waƙa a kansu, mai zafi, wadda in mutum ya ji zai kasa shiga kasuwa. Tuwonka na wata guda a kaina." Ban taɓa samun aikin da ya zo mini da sauƙi kamar wannan ba. Tsakanin azahar da magariba na gama baiti talatin. Na sa masa suna Ƙanƙamo, na ce mutumin wani gari ne can gabas, na mai da shi dillalin hatsi. Sauran kuwa na bar shi yadda idona ya gan shi:

Yaro na kuka gindin rumbu,
Ubansa na roƙo da rantsuwa.
Ya gyara murya, ya dubi gabas,
Ya ce musu, "Sai an yi ruwa."

Na rufe ta yadda ake rufe waƙar wa'azi, na kai Ƙanƙamo kabari, na tayar da shi, na jefa shi wuta da tsaninsa da sandarsa.

Sharaɗi na huɗu ban cika shi ba. Kasuwa ta kusa ci, Paki da nisa a keke, Kawu ya riga ya rasu balle ya tsare ni. Amma gaskiyar magana ba nisa ba ce. Cewa na yi wannan ba sai na tambayi kowa ba, da idona na gani. Ku riƙe wannan, ku masu mako guda: yaro yana ganin komai daidai, har launin sanda, amma ba ya sanin abin da ya gani.

Ɗanjuma ya ɗauke ta a karatu biyu, bai sami tsakuwa ko ɗaya ba. Kafin wata ya mutu ta gama ƙasar. Direbobin manyan motoci suna yi, mata suna daka da ita, in mutum ya roƙi abokinsa goro sai ya gyara murya ya dubi gabas, kowa ya fashe da dariya. Masu ɗab'i sun buga mini ita sau uku. Masu ɓoye hatsin da aka yi waƙar dominsu kuwa, ko ɗaya bai buɗe rumbunsa ba. Wani daga cikinsu ma ya sayi kwafi biyar ya raba wa abokai. Ni dai na ci tuwon Ladi har na yi kumatu.

Ran wata Talata wani mai jaki ya kawo mini saƙo cewa Inna tana nemana, kada in kwana. Na hau keke, na isa Paki da la'asar sakaliya. Tana zaune a gidanmu na gado tare da ƙanena Isiya da iyalinsa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi matata da yara, ta sa aka kawo mini ruwa, ta jira na sha. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana.

"Kai wannan," ta ce, "an ce ka yi waƙa."

"Na yi, Inna."

"An ce ta yi daɗi."

"Haka mutane ke faɗa."

"Dawar da ubanka ya durƙusa yana roƙo, ta wace ce?"

"Ta Baba Mati mana."

"Ta ubanka ce."

Sai ta warware mini. Tun zamanin kakanninmu, gidajen unguwarmu ba sa ajiye irin shuka a gida. Da kaka kowane magidanci ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, ya ɗaure dami, ya kai wa mutum ɗaya da aka yarda da taurin kansa, ya ce masa a gaban shaidu: kada ka ba ni wannan sai ruwa ya zauna, ko na roƙe ka, ko na zage ka, ko na kawo maka ɗana yana kuka. Uban Baba Mati ya riƙe, shi ya gada. Ba a biyansa komai. Ba kuma a yawan zancen, don ba namijin da ke son a ce bai yarda da kansa ba a kan abincin gidansa.

"Da ya ba shi ran nan," in ji Inna, "da mun ci kwana goma. Da ruwa ya zauna shi da kansa ya ɗauko damin a ka ya kawo har ƙofar nan. Shi aka shuka. Dawar da aka aika muku Hunkuyi da kaka, kai da kawunka kuka ci, ita ce."

Na ce, "Inna, me ya hana a gaya mini?"

Ta ce, "Wa ka tambaya?"

Ba don ta ba ni tarihi ta kira ni ba. Mutanen Paki tun baiti na biyu suka gane Ƙanƙamo, don duk ƙasar ba wani mai zama a kan tsani yana duban gabas. Gida goma sha ɗaya ne ke da iri a rumbunsa a shekarar, yawancinsu 'ya'yan waɗanda suka fara ajiyar ne, ba su ga shekarar fara da wayonsu ba, ga kuma yunwa ta fara taɓa su. A da in mutum ya je roƙo aka hana shi, yakan dawo a ɓoye yana jin kunya. Yanzu sun sami waƙa. Sai su taru a bayan gidan Baba Mati, ba sa ma roƙo, rerawa kawai suke yi. Tsohon ya jure mako uku, sannan ya rantse a masallaci cewa ran Juma'a bayan an sauko zai buɗe rumbu, kowa ya kwashi nasa. Liman ya ce rantsuwar tana da kaffara, in masu irin da bakinsu suka ce ya ci gaba da riƙewa. Saura kwana uku, damina kuwa ko alamarta babu.

"Da baki ka ɓata," in ji Inna. "Ga bakin nan a jikinka."

Waƙar gyaran da na yi, har yau ina ganin ban taɓa yin wadda ta kai ta tsari ba. Laraba na wuni a kanta a zauren Isiya da aron tawadar makarantar allo, baiti arba'in a kan riƙon amana, ɗango biyar-biyar, amsa-amo bai kauce ko sau ɗaya ba. Na auna ta da ƙafa daga zaure zuwa rijiya. Na ambaci shekarar fara, na ambaci sunan mahaifina, na ce ni na yi kuskure. Aka yi sa'a Ɗanjuma yana Ikara, na aika aka zo da shi ran Alhamis da hantsi. Na karanta masa sau uku.

"Malam, ba tsakuwa," ya ce. "Sumul take. Amma ina wurin da za a yi dariya?"

"Ba ta dariya ba ce."

"To wa zai tsaya? Mutumin kirki ba ya tara jama'a, Malam. Ka rera da kanka, in tsaya kusa da kai."

Na rera da kaina bayan la'asar a ƙofar masallaci. An taru, don an ji mai Ƙanƙamo ya zo gari. Aka saurara da ladabi har ƙarshe, dattawa suna gyaɗa kai, wani tsoho ya share ido da bakin rawani. Da na kai aya, wani magidanci mai suna Garba, ɗaya daga cikin masu irin, ya ce, "Allah ya ƙara basira, Malam. To a ɗan taɓa mana waccan mana." Aka yi dariya. Na ce ba zan sake rera waccan ba har in mutu. Ya ce ba komai, ai sun iya. Ba na zarginsu. Yaransu na kwana da yunwa, dawar kuma tasu ce, abin da ya hana su ɗauka a da kunya ce, ni kuma na cire musu ita.

Ran Juma'a da aka sauko na riga kowa zuwa. Baba Mati yana zaune a kan buzu a gindin rumbun, don gwiwa ta daina kai shi kan tsani. Ya ƙanƙance, ido ɗaya ya yi fari. Na cire takalmi daga nesa, na tsuguna.

"Barka da Juma'a, Baba. Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Wane ne?"

"Ɗan Tanko ne, na Makarfi."

"A'a, ɗan Tanko. Matso in gan ka. Ka yi ƙiba. Ya iyali? Ya yara? Ya sana'a?"

"Lafiya lau, Baba. Gafara na zo nema."

"Na yafe tun ran da aka rera mini. Ai ba ka yi ƙarya ba. Ga tsanin, sandar ma tana ɗaki. Kai ne yaron, na tuna, da wata 'yar riga mai yagaggen wuya. Gyaran muryar nan da kuka sa a waƙa, in ban yi ba maganar ba ta fitowa ne."

Na ce masa ya yi wa Allah ya daure, ya yi kaffara, ni zan tsaya a bakin rumbun in kore su.

"Ba za ka iya ba," ya ce, ba da faɗa ba. "Ni roƙo na iya da shi shekara arba'in. Zagi ma na iya, an zagi uwata a nan wurin, wanda ya zage ta da damina ya kawo mini ɗanyar masara. Amma makon jiya jikata Binta ta zo ta zauna nan inda kake, ta ce, Kaka, da gaske ne wuta za ka shiga? An koya musu a dandali. Shekararta shida. Na rasa abin da zan ce mata, don a takarda abin yake, malami ne ya rubuta."

Kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba, kuma ba ta gama sakina ba.

Mutane suka iso, liman a gaba. Aka gaisa, aka zauna. Liman ya yi addu'a, sannan ya ce, "Jama'a, kun san abin da ya tara mu. Akwai mai cewa Malam Mati ya ci gaba da riƙe masa nasa?" Ya tambaya sau uku. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na dubi Isiya, shi ne mai gidanmu yanzu, maganarsa ce ba ta Inna ba. Yara huɗu gare shi, ƙaramin ba lafiya. Bai ɗago ba.

"To, shi ke nan," in ji Baba Mati. "Ɗan Tanko, ni ba na iya hawa. Hau ka miƙo musu."

Na tattare riga na hau. Na ture jinkar, na sauka ciki. Ban taɓa shiga rumbu mai tsabta irin wannan ba. An shafe shi da toka, an shimfiɗa ganyen da ke korar ƙwari, dammunan a jere ba wanda ya hau kan wani, dawar kaura gefe guda, farafara gefe guda. Ba rubutu a jikin ko ɗaya, amma kowanne da ɗaurinsa. In na ɗago dami sama, sai a faɗa masa irin igiyar, shi kuma daga zaune ya kira mai shi.

"Rama, ƙulli biyu."

"Na Garba ne."

"Kaba da jan zare."

"Na gidan maƙera. A riƙe shi da kyau, yana zuba."

Haka har goma, bai yi kuskure ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya ce nasa ya ragu da zangarniya guda. Kowa ya karɓa ya saɓa a kafaɗa ya fita da sauri, wasu ko sallama ba su yi ba. Na ƙarshe ba sai an faɗa masa ba. An ɗaure shi da tsumman saƙi shuɗi, na gane shi, daga tsohuwar rigar mahaifina aka yage. Na sauko da shi a hannu. Isiya ya riga ya fita.

Baba Mati ya shafa damin, ya murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunsa, ya sa a haƙori.

"Lafiyarsa lau," ya ce. "Irin kakanku ne wannan, ba a samunsa a kasuwa. Kai wa tsohuwarka. Ka ce mata kada ta ajiye shi inda za ta riƙa ganinsa."

Na kai, na faɗa mata yadda ya ce. Ta sa aka rataye shi a ɗakin da ba a kwana, aka rufe da tsohuwar tabarma, aka jingina turmi a ƙofar. Na koma Makarfi na dinga aika musu abin da na iya, amma ni ma baki shida ne a gidana, abin bai kai ko'ina ba. Isiya ya gaya mini daga baya cewa da zangarniya biyu aka fara, don a dama wa ƙaramin kunu.

Ruwa bai zauna ba sai bayan wata uku. A gida goma sha ɗayan nan, huɗu ne suka kai ranar shuka da irinsu. Namu ba ya cikin huɗun.